Abin da ya kamata ku sani game da malaman da ke karanta tsagar dutse a Zariya

Ƙasar da Dutsen Abba da Tudun Wada da birnin Zariya suke zaune a kanta gindin wasu manyan tsaunuka ne da babu su a yau. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, duwatsun da muke takawa a nan suna binne ne can ƙarƙashin ƙasa, zurfin kilomitoci masu yawa, cikin zafi da matsi, suna lanƙwashewa suna miƙewa, wasu ma har suna narkewa. Ruwan sama da iska da tsawon zamani ne suka cinye abin da ke samansu sannu a hankali, har tuddan Kufena da Madarkaci da Dumbi, da falalen da ake shanya hatsi da barkono a kansu, suka rage a fili.

Akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen gano wannan labari, kuma da yawansu a Samaru suka yi karatu ko suka koyar, a sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ɗalibai ke kira jiyoloji. A cikin wannan ilimi akwai reshe guda da aikinsa shi ne binciken yadda dutse ke sauya siffa: me ya lanƙwasa shi, me ya tsaga shi, daga wane ɓangare ƙarfin ya zo, kuma wanne ya riga wanne. Idan kun taɓa ganin matasa da huluna da takalman sawu ciki, kowa da guduma da ɗan littafi, sun durƙusa a kan fa tsakar rana suna ta gardama, to su ne, kuma dattijon da ke tsaye gefe yana sauraronsu mai yiwuwa ya fi shekara ashirin yana wannan durƙuso.

Yadda dutse ke lanƙwashewa

Wanda bai sani ba zai ce dutse ai fashewa yake yi. Gaskiya ne, a nan sama haka yake. Amma ku tambayi maƙeri: ƙarfen da in an matsa masa da sanyi zai karye, shi ne kuma in ya sha wuta a maƙera ake murɗa shi yadda ake so. Dutse ma haka yake, sai dai wutarsa zurfin ƙasa ce. Duk kilomita ɗaya da aka nutsa, zafi na ƙaruwa da kamar digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin salshiyos. A zurfin kilomita 10 zuwa 15, inda zafi ya kai wajen digiri 300, farin ma'adinin nan mai tauri da muke kira ƙanƙara yakan daina karyewa ya fara malala a hankali ba tare da ya narke ba. Ga kuma lokaci. Manyan ɓangarorin doron ƙasa suna tafiya ne santimita kaɗan a shekara, amma tafiya ce da ba ta tsayawa, kuma ƙarfin da aka ɗauki shekara miliyan ana danna dutse da shi yana yin abin da guduma ba za ta iya ba.

Saboda haka alamu iri biyu masanin yake nema. Na farko alamun zurfi: layuka masu fari da baƙi da suka naɗe, ma'adinai da suka miƙe suka fuskanci gefe ɗaya. Na biyu alamun sama: tsaga, da karaya inda gefe ɗaya na dutsen ya zame ya bar ɗan'uwansa. Dutse ɗaya kan ɗauki duka biyun, don ya lanƙwashe tun yana can ƙasa, sannan ya tsage bayan ya matso sama ya huce.

Duk mai son ya gani da idonsa, ya sami falalen dutse bayan an ɗauke ruwan sama, lokacin da ƙura ta wanke launi ya fito. A kan irin dutsen da ya fi yawa a tuddan Zariya, wanda ake kira giranit, za a ga manyan ƙwayoyi farare ko masu ɗan ja-ja, masu kusurwa huɗu, tsawon wasu ya kai santimita 3 ko fiye, zaune cikin ƙanana masu baƙi da toka-toka. Kallon farko za a ce a warwatse suke. A ja da baya taku biyu a sake dubawa: a wurare da yawa za a ga mafi yawansu sun kwanta ta fuska ɗaya. Wannan shaida ce cewa lokacin da dutsen yake narkakke yana daskarewa, ana matsarsa daga gefe. Sai kuma a nemi farar jijiya ta ƙanƙara da ta ratsa fan. A bi ta da yatsa. Wani lokaci za ta zo bakin wata siririyar tsaga ta yanke, sai a tarar da ci gabanta ya goce gefe da kamar taƙi ɗaya. Daga wannan ɗan wuri kaɗai an karanta abubuwa uku a jere: dutsen ya daskare, jijiyar ta shiga, karayar ta zo daga baya ta raba ta. Ƙa'idar ba ta da wuya, abin da ya yanka ɗan'uwansa shi ne ƙarami a shekaru. Wahalar tana wajen yin wannan karatu a kan ɗaruruwan falale, daga Zariya har Birnin Gwari, sannan a haɗa su su ba da labari ɗaya da ba ya karo da juna.

Waɗanda suka fara haɗa labarin

Turawan mulkin mallaka ma'adinai suka zo nema, kuza musamman, amma a cikin neman aka fara rubuta bayanin duwatsun Arewa. A 1911 wani masani, J. D. Falconer, ya raba giranit ɗin Arewa gida biyu, tsofaffi da sababbi, kuma har yau da wannan rabo ake aiki. Na Zariya cikin tsofaffin suke. Sababbin su ne na Jos da Riruwai da Dutsen Wai, masu kuza, waɗanda suka zo bayan ɗaruruwan miliyoyin shekaru. A 1919 aka kafa hukumar binciken duwatsu ta Nijeriya, wadda ta daɗe da hedikwata a Kaduna. A 1964 kuma W. Q. Kennedy na Jami'ar Leeds a Ingila ya lura cewa duwatsu a sassa da yawa na Afirka suna nuna alamar wani babban zafi da matsi da ya same su kusan a zamani guda, ya sa wa lamarin sunan da ke nufin na Afirka baki ɗaya.

Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, kuma zuwa 1970 har an kammala binciken digiri na biyu a sashen jiyoloji a kan ƙasar Zariya kanta. Mace ce ta yi shi, Patricia McCurry. Yankin da ta ɗauka murabba'i ne mai kusan kilomita 110 kowane gefe, a zamanin da babu hoton tauraron ɗan'adam a waya, sai hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da kuma ƙafa. A 1971 ta wallafa sakamakon a wata babbar mujallar masana ta Amurka. Abin da ta nuna shi ne an naɗe duwatsun wannan yanki sau biyu: naɗin farko ya kwanta kusan gabas da yamma, na biyu ya zo ya mayar da komai kudu da arewa. Bayan nan giranit ya kutso, sannan manyan karayoyi suka ratsa ƙasar, wasu daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, wasu daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Fiye da shekara hamsin ke nan, amma da wuya ka buɗe kundin ɗalibin jiyoloji a kan Zariya ba ka ga sunanta a shafukan farko ba.

Abokin aikinta J. B. Wright, wanda ya koyar a sashen, ya ɗaga kai ya dubi abin da ya wuce Nijeriya. A 1968, lokacin da masana da dama ba su gama yarda cewa nahiyoyi na tafiya ba, ya danganta kwarin Binuwai da rabuwar Afirka da Kudancin Amurka. Daga baya ya rubuta littafi a kan duwatsu da ma'adinan Afirka ta Yamma wanda ya fito a 1985. A wannan sashe ne kuma Cornelius Kogbe ya yi aiki, wanda ya tattara rubuce-rubucen masana cikin littafin jiyolojin Nijeriya na 1976, kuma ya yi fice a binciken duwatsun ƙasar Sakkwato.

A dunƙule, hoton da ya fito shi ne wannan. Can yamma da mu akwai wani tsohon dunƙulen ƙasa mai tauri, wanda ya ɗauki yawancin Gana da Burkina Faso da Mali. Ƙasar da ke gabas da shi ta zo ta yi karo da shi, tekun da ke tsakani ya rufe, tsaunuka suka tashi tun daga Hoggar a Aljeriya, ta Azbin a Nijar, ta ƙasar Hausa, har bakin teku a Togo da Benin. Matsin daga gabas da yamma ya zo, shi ya sa layukan duwatsunmu suka miƙe kudu da arewa. Ci gaban waɗannan duwatsu kuwa yana arewa maso gabashin Barazil, don a lokacin babu tekun Atlantika tsakaninmu. Sai kimanin shekara miliyan 100 da ɗoriya da suka wuce ya buɗe.

Wani zai ce, wa ya ƙirga waɗannan shekaru? Akwai wata ƙaramar ƙwayar ma'adini a cikin giranit da ake kira zirkon, wadda ba ta kai ƙwayar yashi ba. Idan tana samuwa takan kama ɗan yuraniyom a cikinta, ba ta karɓar dalma. Shi kuma yuraniyom yana rikiɗewa ya zama dalma da saurin da aka auna aka sani: rabin nau'insa mafi yawa yakan rikiɗe cikin kimanin shekara biliyan 4.5. In aka auna yawan wannan da yawan wancan a cikin ƙwayar, an sami shekarunta. Da wannan hanya ne a 2001 wasu masana, cikinsu har da Barth Ekwueme na Jami'ar Kalaba, suka ba da rahoton wani dutse a cikin garin Kaduna mai shekara sama da biliyan 3.5, ɗaya daga cikin mafiya tsufa da aka sani a Afirka ta Yamma. Wato giranit ɗin Kufena, da duk tsufansa, yaro ne a gaban na Kaduna.

Daga aji ɗaya zuwa farfesa

Hanyar doguwa ce, kuma ya kamata iyaye su san tsawonta kafin yaro ya shiga. Ana farawa da darussan kimiyya a sakandare, lissafi da fiziks da kemistiri. Digirin farko shekara huɗu ne, in ba a yi yajin aiki ba. Abin da ya bambanta shi da sauran kwasa-kwasai shi ne fita daji. Tun a shekarun farko ake koya wa ɗalibi riƙe kamfas na musamman mai auna abu biyu: fuskar da shimfiɗar dutse ta dosa, da yawan karkatarta zuwa ƙasa. Ya kwantar da gefen kamfas a jikin dutsen, ya jira ɗan kumfan da ke ciki ya tsaya a tsakiya, ya karanta lamba, ya rubuta, ya sa alama a taswira. A shekarar ƙarshe za a yanka masa yankinsa, ya bi rafi da tudu ya zana taswirar duwatsun wurin da kansa, ya kare ta a gaban malamai. Nan ake gane wanda zai yi nisa. Akwai ɗalibin da ya haddace littafi tsaf amma in ya tsaya a kan fa ba ya ganin komai, akwai kuma wanda makinsa tsaka-tsaki ne amma idonsa na kama gocewar jijiya daga nesa.

Sauran rabin aikin a ɗaki ake yi. Dutsen da aka ɗebo za a yanka shi da zarto mai bakin lu'ulu'u, a manna a gilashi, a yi ta gogewa har kaurinsa ya koma kashi 3 cikin 100 na milimita, yadda haske zai ratsa shi. A ƙarƙashin madubin ƙara girma mai tace haske, dutsen da ke toka-toka a hannu sai ya fito da launuka. Ana juya faifan da gilashin ke kai. Ƙwayar ƙanƙarar da ba ta sha wuya ba takan yi duhu gaba ɗaya lokaci guda. Wadda aka matsa kuwa duhun yakan bi ta cikinta daga wannan gefe zuwa wancan. Wadda aka matsa ƙwarai ta rarrabu ta zama ƙananan ƙwayoyi jere a layi. Daga siffar waɗannan ƙwayoyi masani zai iya faɗin kusan zafin da dutsen yake ciki lokacin da aka murje shi, har da gefen da ya zame dama ko hagu.

Wanda ya fita da sakamako mai kyau, bayan hidimar ƙasa, jami'a na iya riƙe shi a matakin farko na koyarwa yayin da yake digiri na biyu. Daga nan mataimakin lakcara, lakcara na biyu, lakcara na ɗaya, babban lakcara, sai matakin da ke gab da farfesa, sannan farfesa. Tsakanin mataki da mataki galibi sai an yi aƙalla shekara uku, kuma ba a wuce tsakiyar tsanin sai da digirin dakta. A manyan matakai biyu na ƙarshe ana aika rubuce-rubucen mutum ga farfesoshin wasu jami'o'i su tantance a asirce. In komai ya tafi daidai, daga shiga aji ɗaya zuwa kujerar farfesa shekara ashirin da wani abu ne, kuma dokar 2012 ta ba farfesa damar aiki har ya kai shekara 70. Ban da jami'a, akwai ƙungiyar masana ma'adinai da duwatsu ta ƙasa, NMGS, wadda ta samo asali tun 1961, da kuma majalisar COMEG da dokar soja ta 1990 ta kafa don yi wa masu wannan sana'a rajista.

Digirin dakta a wannan fanni yawanci yanki guda ne mutum zai aura. A. C. Ajibade ya ɗauki ƙasar Zungeru, ya kammala a Jami'ar Wales da ke Aberystwyth a 1980. Akwai wasu duwatsu masu siraran layuka a can da waɗanda suka riga shi suka riga suka sa a taswira. Shi da abokan aikinsa suka sake dubawa, suka nuna a 1979 cewa duwatsu ne da aka niƙe aka miƙar a cikin wani babban yankin zamewa can ƙarƙashin ƙasa. Dutsen bai canza ba, karatun ne ya canza, kuma da shi fahimtar yankin gaba ɗaya ta canza. Umar Danbatta na Jami'ar Ahmadu Bello, wato ABU, ya ɗauki duwatsun Kazaure. Ibrahim Garba, ɗan Riruwai ta Jihar Kano, ya bi zinariya: ya yi bincike a Bin Yauri da sauran wurare, yana nuna alaƙar jijiyoyin zinariya da manyan karayoyin ƙasa. Daga baya ya shugabanci jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, sannan ya zama shugaban ABU daga 2015 zuwa 2020. Wannan ma wani abu ne da ke faruwa da masu wannan hanya: in mutum ya yi fice sai ofis ya ɗauke shi daga daji.

A ganina akwai aibi guda a tsarin ƙarin girman. Ana ƙirga yawan takardun da mutum ya wallafa, alhali taswira mai kyau ta yanki guda na iya cin rani uku ko huɗu kafin ta haifi takarda ɗaya. Matashin lakcara mai iyali ya san lissafi. Ya fi masa sauƙi ya sauke hoton tauraron ɗan'adam ko bayanan maganaɗisun ƙasa da aka ɗauka daga jirgi, ya ja layuka a kwamfuta, ya fitar da takardu uku a shekara. Waɗannan kayan aiki suna da amfani ƙwarai, babu mai musu. Amma layin da aka gani daga sama zai iya zama karaya, zai iya zama tsohuwar hanyar shanu, kuma ba a rabewa sai an je an taka.

Zuwan ma yanzu ya zama abin da ya zama. Duwatsun da suka fi ba da labari a Arewa maso Yamma su ne dogayen zirin nan na tsohon laka da yashi da matsi ya mayar da su masu ɓarewa falle-falle, a Birnin Gwari da Kushaka da Maru da Anka da Zuru da Malumfashi. Ku sake karanta sunayen. Yawancinsu wuraren da 'yan bindiga suka addaba ne a shekarun nan, kuma babu shugaban sashen da zai ɗebi ɗalibai cikin motar makaranta ya nufi dajin Birnin Gwari da zuciya ɗaya. Ga kuma na'urori: auna shekarun zirkon da ingancin da manyan mujallu ke karɓa yawanci sai an aika samfur waje, Afirka ta Kudu ko Turai ko Ostireliya ko Sin, da kuɗin waje. Asusun TETFund da na PTDF suna ɗaukar nauyin wasu, amma masu nema sun fi guraben yawa. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 wata takwas, kuma ga mai aikin daji, rani ɗaya da ya wuce shekara ce ta tafi, don da damina ciyawa da ruwa sun rufe duwatsun.

Ina ruwan talaka da wannan?

Ruwansa da yawa. A ɗauki zinariya. Ba ko'ina take ba. Ruwan zafi ne mai ɗauke da ita ya bi ta cikin karayoyi a ƙarshen wancan karo na nahiyoyi, ya ajiye ta tare da ƙanƙara a matsayin jijiyoyi. Shi ya sa wuraren haƙarta suka jeru a kan layi, ɗaya ta Anka da Yawuri, ɗaya ta Birnin Gwari da Zungeru har ƙasar Ilesha a Jihar Osun, inda mahaƙar Segilola ta fara fitar da zinariya a 2021. Ruwan da ya kawo zinariya a wasu wuraren ya kawo har da ma'adinin dalma, irin wanda ake yin tozali da shi. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, an riƙa daka irin wannan dutse ana niƙa shi a cikin gidaje, ƙurarsa ta kashe yara aƙalla 400. A 2015 abin ya sake faruwa a yankin Shikira na Jihar Neja. Duk wanda ya san ma'adinai, da ya binciki dutsen zai iya gane abin da ke cikinsa. Ilimin yana nan a jami'a, bai isa tsakar gidan da ake dakan ba.

Girgizar ƙasa kuwa ba ta cika damunmu ba, don muna nesa da bakin ɓangarorin da ke gugar juna a yau. Duk da haka ƙasa ta motsa a Kwoi ta kudancin Kaduna a watan Satumba na 2016, ta kuma motsa a Mpape ta Abuja a Satumban 2018, kuma duk lokacin da haka ta faru taswirar tsofaffin karayoyi ake fara ɗaukowa. Masu gina madatsar ruwa da gada da masu fasa dutse da nakiya su ma suna bukatar sanin inda tsaga ta dosa.

Amma babban abin da ya shafi mutumin Dutsen Abba da na Tudun Wada kai tsaye shi ne ruwan sha, wanda Zariya ta daɗe tana fama da ƙarancinsa. A ƙasar Sakkwato ko ta Barno akwai shimfiɗun yashi a ƙarƙashin ƙasa masu riƙe ruwa a faɗin wuri mai yawa. Nan ba haka ba ne. Giranit lafiyayye ba shi da ƙofofin da ruwa zai zauna. Wuri biyu kawai ruwa ke samu: ruɓaɓɓen dutsen da ke ƙarƙashin jar ƙasa da marmara, da kuma tsagogin da ke cikin lafiyayyen dutsen a ƙasa da shi. Rijiyar hannu daga na farkon take sha, shi ya sa da yawa ke ja baya ko su ƙafe in bazara ta yi nisa. Rijiyar burtsatse mai ɗorewa kuwa sai ta dace da tsaga, kuma tsaga siririya ce, tana iya bi ta gidan maƙwabcinka ta bar naka. Wannan ne dalilin da za a haƙa biyu a layi ɗaya, wannan ta yi ta ambaliya, waccan injin ya yi ta fitar da farar ƙura har a gaji.

Tuddan da muke gani ma tsagar ce ta tsara su. Inda tsagogi suka yi yawa, ruwa ya shiga ya ruɓar da dutsen, wurin ya zama kwari ko fadama, rafuka kuma sukan bi ta nan. Inda dutsen ya zo dunƙule babu tsaga sosai, ya ƙi ruɓewa, ya tsaya ya zama tudu. Don haka wanda ya sayi fili a jikin fa saboda tushen gini mai ƙarfi, ya sani cewa ta fuskar ruwa wuri mai wuya ya zaɓa.

Binciken da ake yi kafin haƙa ba ya ganin ruwa ido da ido, kada wani ya ruɗe ku. Ana kafa turakun ƙarfe huɗu a layi, a haɗa su da waya, a tura lantarki cikin ƙasa, a auna yadda ƙasar ke hana shi wucewa, ana ƙara tazarar turakun don a leƙa zurfi. Jiƙaƙƙen ruɓaɓɓen dutse da dutse mai tsaga suna barin lantarki ya wuce fiye da lafiyayye. Amma yumɓu ma yana barinsa ya wuce, kuma yumɓu ba ya ba da ruwa. Nan ne ake bukatar wanda ya san duwatsun yankin da fuskar da tsagoginsu suka saba bi, ba wanda ya sayi na'ura jiya ba. Ko shi ma yana iya kuskure, sai dai kuskurensa bai kai na mai haƙa da ka ba, kuma kuɗin binciken kaɗan ne in aka gwada da na haƙar.

Saboda haka in za ku haƙa burtsatse, ko ta gida ko ta masallaci ko ta unguwa, ku nemi a yi binciken a wuri fiye da ɗaya cikin filin, a ba ku rahoto a rubuce mai ɗauke da lambobin da aka auna da zurfin da ake sa ran samun ruwa, da sunan wanda ya yi da shaidar rajistarsa ta COMEG. Bayan an gama haƙa, ku sa mai injin ya rubuta muku a mita nawa aka bar jar ƙasa, a mita nawa aka shiga dutse, a mita nawa ruwa ya ɓullo, ko da rijiyar ba ta yi ruwa ba. Ku adana takardar, in kuma ɗaliban jiyoloji sun biyo ta unguwarku suna tambaya, ku ba su su kwafa.